Yadda Na Koyi Duban 'Yar Farina

A gidanmu ba a duban ɗan fari. Haka na tashi na tarar. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba. In tuwo ya sauka, sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce ma wancan abinci na hucewa," alhali yana zaune kusa da ita. Kowa ya san ta fi son shi a kan mu duka, don shi ake ɗebar wa tsokar da ta fi girma. Amma a gaban mutane ko inda yake ba ta kallo, kuma ana yabonta da haka, ana cewa mace ce mai kunya.

Da na haifi tawa 'yar farin a gidan hayar da muke zaune a unguwar Gidan Igwai, ban tsaya tunani ba, na ɗora daga inda mahaifiyata ta tsaya. Ina ba ta nono fuskata na gefe. Ina goya ta, ina yi mata wanka, ina yi mata kitso ta baya, amma ban yarda idona ya shiga nata ba in akwai wani a tsakar gida, kuma gidan haya ba ya rabuwa da mutane. Da wutsiyar ido nake kallonta. Na ƙware a haka har ba abin da take yi ya wuce ni.

Da wutsiyar idon na gane ta daina ji. Tana da shekara biyu ta yi sanƙarau, muka kwanta asibiti, Allah ya tashi kafaɗarta. Bayan mun dawo gida, wata rana da hantsi babban kwanon silba ya suɓuce wa maƙwabciyata ya faɗi a kan siminti. Kaji suka watse, jaririn da ke barci a ɗakin ƙarshe ya tsala ihu. Ita kuwa tana zaune tana tura murfin kwalba a ƙasa, ko gezau. Na ɗauki kwanon na sake kayar da shi a bayanta da gangan. Ba ta juyo ba.

A al'adarmu, da an yaye ɗan fari kakarsa ke ɗaukarsa. Surukata, wadda nake kira Inna, tana ƙauye inda suke noman shinkafa a fadama, kuma tun ina da ciki ta ce abin da aka haifa nata ne. Ciwon ne ya sa aka ɗaga, aka yi ta ɗagawa saboda zuwa asibiti, har yarinyar ta kai shekara biyar. A shekarar da nake ba da labari Inna ta aiko cewa haƙurinta ya ƙare, da an yanke shinkafa za ta zo ta tafi da abarta. Ba mugunta ba ce. Hujjarta ita ce birni cike yake da baburan 'yan kabu-kabu, yarinyar da ba ta jin hon wata rana za a kwaso ta a titi. Ni ma abin na hana ni sukuni, don na taɓa ganin mai keke ya ci birki a kanta a bakin layinmu, tana tafiyarta ba ta ma san an yi ba. Sai dai a ƙauye babu ko mutum ɗaya da zai iya magana da ita, a nan kuwa ta fara samu.

Maigidana mahauci ne. Da asuba yake fita mayanka, sai bayan la'asar ya dawo. Cikin masu sayen nama a teburinsa akwai wata malamar jami'a, ita ya taɓa yi wa zancen yarinyar yana yanka mata hanta. Ashe a sashen da take aiki ake horar da malaman da za su koyar da kurame da makafi da masu lalurar ƙafa. Suna da ɗakin gwajin kunne, da wani ƙaramin aji inda ɗalibansu ke koyon aiki da yara irin tawa. Ta ce mu kawo ta. Aka sa mata wani abu a kunnuwa a wani ɗaki mai bango kamar katifa, aka tabbatar mana da abin da muka riga muka sani, aka kuma karɓe ta a ajin. A shekarar ne kuma suka buɗe ajin iyaye mata ranar Asabar, don mu ma mu koyi maganar hannu.

Ranar farko Malamar da ke koyar da ajin ta rufe ƙofa ta ce, "To, ba namiji a nan. Kowa ta yaye hijabinta ta aza ga kafaɗa. Hannun da ke ɓoye ba ya magana." Muka yi ta dariya muna fiddo hannuwa, wasu da lalle, wasu da kanta irin ta daka. Ni karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, na zo da fargabar za a ba ni alli in ji kunya. Sai ga shi wannan karatun na yatsu ne, ni kuwa mai kitso ce. Ruwa, abinci, zafi, gobe, makaranta, duk kafin sauran su kama na kama. Har Malama na cewa in tashi in gwada wa na baya.

Amma a gida yarinyar ba ta amsa mini. Zan yi mata alamar abinci daidai yadda aka koya mana, ta ɗauki kwanon ta koma gefe. Zan tambaye ta abin da aka yi a aji, ta tsaya kamar an dasa ta, can ta sulale ta fita. Ubanta kuwa, da bai san alama ta wuce goma ba, rabinsu ma a karkace, da ya shigo za ta ɗare cinyarsa su yi ta hira, yana zare ido yana kumbura kumatu, tana ƙyalƙyala dariyarta mai kaushi. Ina wanke-wanke ina kallonsu ta gefe. Na sha tambayar kaina ko jininmu ne bai haɗu ba, ko kuwa ta san ni na kai ta asibiti a makare.

Malama ce ta gano. Wata Asabar aka haɗa mu da yaran, kowace uwa da nata, ita tana zagayawa. Ta tsaya a kaina jim kaɗan, sai ta ce, "Ke, wa kike yi ma magana? Taga?"

Na ce da yarinyar nake.

"To mi ya sa kike kallon taga?" Ta dube ni, ta dubi yarinyar, sai ta dafe goshi. "Ɗiyar fari ta?"

Na sunkuyar da kai. Wata babbar mace da ke zama kusa da ni, mai sayar da fura, ta kwashe da dariya ta ce, "Allah sarki, amarya! Ni nawa na shida ne, kunyata ta ƙare tun ga na ukku. Har kumatunsa nike cizo gaban ubansa."

Malama ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna ta ce ita ma 'yar garin nan ce, ita ma uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, amma ita tana da kunne, ko ta bango aka yi magana tana ji. Ta ce a wannan harshen hannu rabi ne, fuska rabi. In ba ka ɗaga gira ba, ba ka yi tambaya ba. In kuma ka kau da kai, ma'anarsa ka gama magana da mutum, ko kana fushi da shi. "Wata da watanni," in ji ta, "hannunki na ce mata ga ruwa, ga abinci, fuskarki na ce mata tashi ki ba ni wuri. Wanne kike so ta ɗauka?"

Ban iya cin abinci ba ranar. Daga nan na fara gwadawa a cikin ɗaki, in na saki labule. Nakan ɗaga ido in kai haɓarta, wani lokaci har hancinta. Ta fara ba ni amsa ɗaya-ɗaya, tana yi tana dubana kamar mai jiran a kore ta. Amma da na ji takun wani a tsakar gida, wuyana da kansa yake juyawa. Sai ta sauke hannuwanta ita ma.

Ana haka ƙarshen shekarar karatu ya zo. Ashe kowace shekara sashen na tara jama'a a babban zaure, su faɗi abin da suka yi a shekarar, su kuma nuna. Tunda ajinmu na iyaye sabo ne, aka ce za a fito da uwa uku, kowace ta zauna da ɗanta su yi hira a gaban mutane. Malama ta sa da ni. Na roƙe ta ta cire ni, ta ce ba za ta tilasta mini ba, amma duk ajin babu yaron da ya kai tawa kamawa, in je in yi tunani. Na amsa mata ne don na ɗauka baƙi ne za su cika wurin, waɗanda ba su san ta fari ce ba.

Sai da na amsa maigidana ya gaya mini dabarar da ya yi. Shi ba zai iya ce wa mahaifiyarsa a'a ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya roƙe ta ta zo kwana biyu kafin taron, ta je ta gani da idonta, in ta ga babu amfani ta tafi da yarinyar washegari. Yana faɗa yana murna da wayonsa. Ni kuwa na ga tarkon da na shiga. In na dubi yarinyar ido cikin ido a gaban uwar mijina, na zama marar kunyar da za a yi ta labarinta a ƙauye. In ban dube ta ba, ba za ta amsa ba, Inna ta ce ai ga shi ba abin da ta koya.

Inna ta iso da buhun shinkafa da ƙullin kuka. Tsohuwa ce 'yar siririya, kullum da goro a kumatu, idonta kuwa ko na yarinya albarka. Daga bakin ƙofar ɗaki ta hango tsakuwa cikin shinkafar da nake tsincewa a tsakar gida ta ce, "Ga wata nan kin tsallake, wajen babban yatsanki." Washegari ta tafi ziyara Hubbare, ta dawo da dabino ta ba jikarta. Da la'asar na ga ta kwashe rigunan yarinyar daga igiya, ta ninke su ta tura cikin jakarta. Na ci gaba da aikina. Yarinyar na bakin rijiya tana tsotsar dabino, ita ma tana kallo.

Ranar taron na ƙona ƙosai saboda hankalina ba ya jikina. Muka shiga keke mai ƙafa uku mu huɗu. A zauren maza na gefe, mata na gefe, fankoki na juyawa a sama. Wata ɗaliba ta ga tsufan Inna ta kama hannunta ta kai ta layin gaba, daidai ƙasan dandamali. Dole na bi ta na zauna kusa da ita, ina so ƙasa ta tsage.

Shugaban sashen ya tashi da takarda ya yi bayani da Turanci, ya maimaita da Hausa. Ya faɗi ɗaliban da suka kammala aka tura su makarantu, da yaran da aka gwada wa kunne, da matakalar ƙofar zauren da aka fasa aka mai da ita gangare don masu keken guragu. Adadin bai zauna mini ba, zuciyata na wani wuri. Amma gangaren na lura da shi tun shigowarmu, simintin sabo ne, har da sawun akuya a gefe. A kusa da shugaban wata budurwa na tsaye tana mai da duk abin da ya faɗa zuwa hannu. Inna ta taɓo ni ta ce, "Wagga mi take kora, ƙuda?" Na ce fassara take wa kurame. Ta ce, "Uhm."

Aka fito da wata na'ura mai huda takarda da suka samu a shekarar. Wata makauniya, ɗalibar sashen, ta aza yatsu a kan takardar da ba tawada ko ɗigo, ta yi ta karantawa da ƙarfi ba gargada. Inna ta daina tauna goro. "Ikon Allah," ta ce. "Da yatsa?" Wani saurayi a keken guragu ya karɓi takardar shaidar gama karatu, abokansa suka cika zauren da sowa. Sai aka kira iyaye mata.

Mai fura ce ta fara, ita da ɗanta suka ba mutane dariya suka sauka. Ta biyu ma ta yi lafiya. Aka kira ni.

Kujeru biyu ne suna fuskantar juna. Na zauna, na tattare hijabina zuwa gwiwar hannu. Ina jin idon Inna a gefen wuyana kamar zafin garwashi. Na kafa ido a kan takalman yarinyar, jajaye na roba, maɓallin ɗaya ya tsinke na ɗinke shi da baƙin zare. Na yi alamar tambayar da muka shirya: me kika ci da safe? Shiru. Na sake yi, a hankali, kowane yatsa a wurinsa. Takalman ba su motsa ba. Budurwar mai fassara tana riƙe da abin magana tana jira. Ban ji komai a zauren ba sai fanka da tarin wani tsoho. Malama na tsaye a gefe, ta harɗe hannuwa, ba ta da niyyar ceto na.

Sai takalman suka sauko ƙasa. Suka tako zuwa gabana. Na ji tafukan hannu biyu a kumatuna, masu ɗumi, suna ƙanshin lemon da ta sha a hanya. Ta juyo da fuskata da ƙarfinta, yadda Malama ke yi wa ƙananan yara in hankalinsu ya tafi wani wuri, ta riƙe ba ta saki ba.

Wasu suka yi dariya. Ni dai na ga fuskarta gaba ɗaya, a fili, cikin haske. Haƙorinta na ƙasa ɗaya na girgiɗi, ban sani ba. Idanun kuwa na mahaifiyata ne sak, har da ɗan saukowar fatar ido ta hagu. Shekara biyar ina tare da su a ɗaki ɗaya.

Ta koma ta zauna. Na ɗaga gira na sake tambaya.

Hannuwanta suka tashi kamar an kwance su. Mai fassara ta ce, "Ta ce kunu da ƙosai." Ta ɗan dakata. "Ta ce ƙosan ya ƙone." Zauren ya ɗauki dariya, na jiyo muryar maigidana a ciki. Na tambaye ta wa ya zo gidanmu. Ta tura harshe ta kumbura kumatu ɗaya, ta ranƙwafa, ta nuna layin gaba da yatsa. "Kakata mai goro," in ji mai fassara. Aka sake fashewa.

Nan ya kamata mu tsaya, iyakar abin da muka shirya ke nan. Amma ta samu fuskata, ba ta son saki. Ta ci gaba, ita kuma budurwar aikinta ne ta faɗi duk abin da hannu ya faɗa. "Ta ce kaka ta sa rigunana cikin jakarta. Ta ce za mu shiga mota mu tafi nesa." Muryar budurwar ta yi ƙasa. "Ta ce, ke ma za ki?"

Girarta na sama tana jira. Ba ni da ikon yi mata alkawari, kuma ban so farkon maganar da zan yi mata ido cikin ido ta zama ƙarya. Na ce mata ban sani ba. Mai fassara ba ta faɗi wannan ba, ko ta faɗa ban ji ba. Malama ta ɗaga hannuwa sama tana kaɗa su, wanda shi ne tafin kurame, mutane suka bi ta. Yarinyar ta kama bakin hijabina muka sauko.

A waje, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, aka raba ruwan leda da cincin. Na kasa ɗaga kai in dubi Inna. Maigidana ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, kin dai gani?"

Ta ɓantari goro. "Mi zan gani? Idon tsohuwa na kai can? Ni dai na ji ana dariya, anka ce wata ta ƙona ƙosai."

Ya buɗe baki zai ce ai a layin gaba take, ya dubi fuskarta, ya rufe. Ta jawo jikarta ta dungure mata kai. "Ke kuma, ja'ira, ni kike kwaikwayo gaban manyan mutane? Da bakin naki mai gatso?" Yarinyar ta sake kumbura kumatu, Inna ta kai mata dukan wasa.

Da muka iso gida Inna ta shige ɗaki. Ta yi sallar la'asar, ta daɗe a kan buzu. Ina hura wuta na ga ta jawo jakarta, ta fiddo rigunan ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan gadona. Da maigidana ya shigo ta ce masa, "Ku bar ta ta ƙare karatun hannunta. Amma duk hutu a kawo min ita, kuma kai za ka riƙa kai ta bakin titi da kanka, ba aike ba." Sannan ta fito tsakar gida, ta tsaya kusa da murhu, ta fuskanci bango kamar yadda mahaifiyata take yi a da, ta ce, "A ce ma uwar wagga ta gwada min yadda ake cewa zo ki ci tuwo."

Na goge hannuna na gwada mata. Yatsunta sun ƙage da aikin fadama, sai da muka yi sau biyar. Ta juya ta yi wa jikarta, tana zare ido fiye da kima, don kaka ba ta da kunyar jika. Yarinyar ta gyara mata babban yatsa, sannan ta je ta ɗauko kwanonta.

Har yau ban kira sunanta da baki ba, kuma ba na jin zan kira. A aji sun ba ta suna na hannu, yatsa ɗaya a kan kumatu inda yake lotsawa in ta yi dariya, da shi nake kiranta. In muna hira a tsakar gida wata ta gifta, har yanzu wuyana na fara juyawa da kansa. In ta ga haka sai ta ɗaga tafukanta biyu ta nufo ni, ni kuma in yi sauri in dawo da fuskata kafin ta iso.